Yadda Muka Kai Gyaɗa Maraɗi Muka Dawo da Abincin Kaji

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ba a bar ni na huta ba. Wadda ta shigo ɗibar wuta sai ta tsaya ta ce, "Hassu, ya ƙasar Faransa?" Wadda ta zo awon mai ma haka. Har Rifkatu, ƙawata ta sakandare wadda iyayenta suka zo daga Jos aikin gwamnati, ta tako tun daga gidajen ma'aikata ta baje mani a tabarma wai sai na ba ta labari daga farko. Na gaji da maimaici. Ga shi na rubuta. Mai iya karatu ta karanta, wadda ba ta iya ba ta nemi mai karanta mata. Kuma tun yanzu ku sani, ba yawon buɗe ido na je ba, ban kuma sayo wa kowa atamfa ba.

Mu a gidanmu nan Ƙofar Marusa sana'ar mai da ƙuli muka tashi muka tarar. Don wadda ba ta sani ba: ana soya gyaɗa, a murje, a bakace, a kai injin niƙa, a dawo da ita a zuba a turmi, a riƙa ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Abin da ya rage bayan an matse shi ne tunkuza, ita ake murzawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Man nan kuɗin gyaɗa kawai yake mayarwa. Ƙulin shi ke ciyar da gida. Juyin turmin kuwa shi ya cinye wa Innata kafaɗa, har ta kai in za ta ɗaura ɗankwali sai ta sunkuyo da kai wajen hannu, don hannun ba ya zuwa wajen kai.

To, da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, sai gari ya cika da masu sabbin huluna. Cikinsu har da Alhaji Mati, wanda duk mun san shi yana dillancin buhunan wofi a kasuwa. Sai ga shi da babbar riga, wai shi ne mai kula da harkar mata a jam'iyyarsu. Namiji da gemunsa. Ya tara masu mai na unguwarmu a zauren Goggo Abu, yayar babana, wadda ita ce shugabarsu, ya ce:

"Iyayena mata, wahala ta ƙare. Wannan shi ne romon dimokuraɗiyyar da kuke ji a rediyo. Akwai kamfanin mai a Maraɗi, na je da kaina. Ku kawo gyaɗarku, in sa mota ta kai, inji ya matse, a dawo maku da manku ninkin wanda kuke samu, a dawo maku da tunkuzarku. Naku kawai murzawa da suya."

Mata suka ɗauki guɗa. Inna ta dafa kafaɗarta tana murmushi, irin wanda na daɗe ban gani a fuskarta ba. Buhu tara gare ta, wanda ta saya tun kaka bayan ta sayar da awakinta duka, kuma shi ne abin da za mu ci har wata kakar. Nan take ta ce a sa da nata, duka taran. Aka tsayar da Asabar motar za ta zo.

Ni na ɓata taron. Na ce, "Alhaji, tunkuzar tasu ka gan ta da idonka?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗiyar wa ce wannan? Ke 'yar boko, tunkuza ai tunkuza ce."

Inna ta ce in rufe mata baki. Ban rufe ba, har gida ina yi. Da na ishe su, Goggo Abu ta ce to, za ta ɗauki rabin buhu nata ta je ta gwada, ta dawo da tunkuzar ta cusa mani a baki kowa ya huta. Ni kuma in bi ta, ko za a miƙo takarda.

Kwana biyu Goggo ta yi zaune da faifai tana tsince gyaɗar nan ƙwaya-ƙwaya, ta fitar da ruɓaɓɓu da ƙanana da tsakuwa. Da ta gama ta ɗinke bakin buhun da jan zare, ta yi mashi ƙulli uku. Kun san yadda muke yi a injin niƙa: kowace ta sa wa kwanonta alama, wata tsumma a hannu, wata fenti a gindi, ta ajiye a layi, in an niƙa a mayar mata da nata a nata. Haka Goggo ta shirya wa kamfani. Kuma kada in yi maku ƙarya, ni ma da bokon nawa ban ga aibin jan zaren ba.

Laraba da safe muka shiga fijo a tashar Jibiya. Motar da aka yi don mutum bakwai, mu goma sha ɗaya ne ciki, ban da akuya a but. Direban ya ɗaure ƙofar gefena da igiya, ya ce kada in jingina. Na ce in jingina da me to? Ya ce da Allah. Tsakanin Katsina da iyaka ban san sau nawa aka tsayar da mu ba. An ce mulkin kaki ya ƙare, amma labarin bai iso hanyar nan ba. Kowane shinge sai wani ya fito daga inuwa, ya zagaya mota, ya latsa buhun Goggo, ya ce mene ne. A ce gyaɗa. Ya ce a buɗe. Goggo ba ta yarda a taɓa jan zarenta ba, sai ta huda buhun ta gefe, kowa ya tara hannu. Kuma sai ta tsaya gaishe su, ya aiki, ya iyali, ya rana, kamar surukanta. Na ce, "Goggo, wanda ya ci maki gyaɗa kike tambaya ya ya kwana?" Ta ce ba ni da tarbiyya.

A iyaka kuwa, iyakar ma sai an nuna maki ita. Gora ce aka gitta bisa ganguna biyu. Gero iri ɗaya a hagu da dama, mutane iri ɗaya, tsagen fuska iri ɗaya. Da muka tsallaka Ɗan Isa, wani siririn jami'i ya zauna da littafi mai faɗin tabarmar salla, yana ja wa kowane suna layi da rula. Na miƙa tsohon katina na makaranta, ya juya shi gaba da baya, ya rubuta. Ya ce wa Goggo, "Hajiya, takarda."

"Takardar me?"

"Ta shaidar ke ce ke."

"Yaro, kakata a Maraɗi aka binne ta. Kai da ka zo jiya za ka tambaye ni ko ni ce ni?"

Na ce shi ke nan, yau a nan za mu wuni. Sai ya tambaye ta wace unguwa, ta faɗa, ya ce ai nan kakanninsa suke. Suka shiga lissafin dangi, motarmu na jira, akuya na kuka, rana na dukan rufin ƙarfe. Sai da suka gano wata tsohuwa mai sayar da daddawa da duk suka sani, sannan ya ja wa Goggo layinta da rula.

Gidan Hajiya Mariyama muka sauka, tsohuwar abokiyar cinikin Goggo. Mutuniyar kirki ce, amma ɗakin baƙin nata shi ne kuma ɗakin ajiyar busasshen tattasai. Tunda muka shiga muke atishawa har muka bar garin. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, in kin gatsa sai ya yanke maki dasashi. Suna alfahari da shi, wai na Faransa ne. Na ce to Faransawa sun sha wuya. Sai shayi a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, ɗaci kamar maɗaci, kuma dole ki jira zagaye uku, in kin tashi a na farko kin yi rashin kunya. Abu ɗaya zan ba su, kuma ba da son raina ba: furarsu ta fi tamu. Gero ne zalla, nono ne zalla, ba a tsawaita shi da ruwa da garin kuka kamar yadda wasu da na sani suke yi. Ba zan kama suna ba.

Saboda shayin nan sai tsakar rana muka isa kamfanin, a bayan gari. Muka tarar da ƙofa a rufe. Mai gadi ya ce an tafi hutun rana, sai wajen la'asar. Na ce hutun me, ranar Alhamis? Ya ce haka ake yi. Gari guda, da ofis da kanti da kamfani, kowa ya je ya kwanta da rana tsaka kamar jarirai. Muka zauna gindin dogon yaro, Goggo ta rungume buhunta, ni ina ƙirga ƙudaje.

Da aka buɗe, mai gadi ya ce a fito da ashana da duk abin da ke ba da wuta. Goggo ta ce ba ta da shi. Ya zazzage jakarta, sai ga kwalin ashana biyu da take kunna turare da su. Ta ce in ya taɓa mata ko tsinke ɗaya za ta sani.

Wanda ya zagaya da mu sunansa Sani, suna ce mashi Mushe Sani, wato malam da Faransanci, shi ke kula da injuna. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ke ƙara mani haushi don ba ya ba ni abin da zan kama. Na tambaye shi ko ya san Alhaji Mati.

"Na Katsina, mai babbar riga? Ya zo. A ofis ya zauna."

"Bai shiga ciki ba?"

"An ce ya bar sigarinsa da ashana wajen mai gadi, ya ce shi ba a yi mashi haka. Ya tambaye ni ko muna mayar wa mutum abin da ya rage bayan mai, na ce in yana so muna mayarwa. Bai tambaye ni kamanninsa ba."

Na dubi Goggo. Ta kau da kai.

Muka shiga wata rumfar kwano da ta fi filin makarantarmu. Gyaɗa ce tsibi har kusa da rufi, ta kowa da kowa, da jan ɓawonta, da ruɓaɓɓu, da ƙasa. Mushe ya yi wa wani lebura magana. Kafin Goggo ta gama bayanin ƙullinta uku, mutumin ya sa wuƙa ya farke buhun, ya juye shi cikin wani rami inda bel ke jan gyaɗa sama. Ina kallo jan zaren ya hau bel ɗin ya tafi abinsa.

Goggo ta ƙwala ihu. "Kai! Tsaya! Tawa ce! Tsintacciya ce!"

Ƙarar inji ta shanye muryarta. Ta kama hannun rigar Mushe ta ce, "To yanzu yaya za ku gane tawa?"

Ya ce, "Hajiya, nan babu tawa babu taki. An auna nauyinta, za a ba ki daidai da shi."

"Daga ta wa?"

Ya nuna tsibin.

Daga nan ya kai mu wajen matsa. An tankaɗe ƙasa da tsakuwa, an farfasa gyaɗar, an turara ta da zafi, sai ta shiga wani dogon ƙarfe mai juyawa kamar ƙatuwar ƙusa mai zare, yana tura ta yana matsewa. Mai na tsiyaya ta ƙasa, tunkuzar na faɗowa ta baki, ɓalli-ɓalli, da tauri kamar fasasshiyar tukunya. Goggo ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta yamutsa fuska. Ba a soya gyaɗar irin tamu ba, ba a cire jan ɓawo ba, ga ɗaci. Duk da haka ta ƙarfafa zuciya ta ce, "In an daka, an sa gishiri da yaji, ƙila a rufa asiri."

Mushe ya ce, "Ai ba a gama da ita ba. Da sauran mai a ciki."

"To ai shi ake so! Shi ke riƙe ƙuli!"

"Mu kuma shi muke nema."

Ya kai mu wani gini can gefe, shi kaɗai, duk bututu da tankuna, an zana wuta da jan fenti a kowane bango. Tun daga nesa wari ke tashi kamar gidan mai. Ya ce a nan ake marmashe tunkuzar, a zuba ta cikin rufaffen tanki, a yi ta kwarara mata wani ruwan sinadari ɗan'uwan fetur. Sinadarin ya narkar da ɗan man da ya ɓuya ya fito da shi. Sai a dafa, sinadarin ya tashi ya zama tururi, a kama shi a bututu a sake aiki da shi, man ya zauna. Sunan abin hekzen. Na tuna mun taɓa rubuta shi a ajin kimiyya, malamin bai taɓa ce mana miya ake yi da shi ba.

Goggo ta riƙe baki. "Wanka kuke yi wa abinci da fetur?"

"Ba ya zama a ciki, Hajiya. Zafi na kore shi duka."

Gaskiyarsa ce, mutumin ya san aikinsa, kuma bai ɓoye mana komai ba. Na shinshina man ban ji fetur ba. Matsalar ita ce ban ji gyaɗa ba ma. Bayan sinadarin sai sun wanke man, sun tace, sun cire launi, sun cire ƙanshi, ya fito garau kamar ruwan famfo. Suna ta wahala da injuna don su raba man gyaɗa da ƙanshin gyaɗa! A Katsina wace mace ce za ta sayi mai ba ta kai kwalbar hanci ba?

Sai muka zo ƙarshen layi, inda ake ɗura abin da ya rage a buhuna. Gari ne, bushe ƙamas, kamar dusa da aka gauraya da rairayi. Goggo ta ɗiba a tafin hannu, ta ɗiga ruwan butarta, ta dunƙule da ƙarfinta duka. Ta buɗe hannu, ya wargaje. Ta sake. Ya wargaje.

A hankali ta ce, "Wa ke cin wannan?"

Mushe ya ce, "Kaji. Da shanu. Suna ƙiba da shi ƙwarai."

Ya ba mu manmu a galan, da ƙunshin garin daidai rabonmu. Goggo ta karɓi ashanarta a ƙofa, ko ƙirgawa ba ta yi ba. Ranar Juma'a muka juyo, motar ta mutu sau biyu, Goggo ba ta gaida mai shinge ko ɗaya ba. Sai da muka hango Katsina ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kwana biyu na yi ina tsince wa kaji gyaɗa."

Na faɗa wa Inna komai a daren da muka iso, ta ce ni dama tun farko ba na son abin. Goggo kuwa ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. A zaurenta aka tara matan, kunya ta hana ta warware abin da ta ƙulla.

Asabar da hantsi mota ta zo ƙofar gida. Kafin in fito an ɗora buhu uku na Inna. Alhaji Mati na tsaye da sigari yana ba da umarni. Na fito da ƙunshin na kwance a gaban mata na ce ga tunkuzar da za a dawo maku da ita.

Ya yi dariya. "'Yan adawa sun saye ta. Ƙasa ta ɗebo a hanya. Iyayena, kada ku bari yarinyar da ba ta san zafin turmi ba ta hana ku hutu."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ne, ban cika taɓa taɓarya ba, kullum ina fakewa da karatu. Mata suka fara gunaguni. Na ce, "Inna, kada ki yarda da ni. Kaskonki na kan wuta. Ki gwada da hannunki."

Ta harare ni, amma ta karɓa. Shekara talatin tana murza ƙuli, in akwai hannun da zai iya haɗa garin nan, nata ne. Ta zuba a ƙwarya, ta sa ruwan ɗumi da gishiri, ta cuɗa, ta cuɗa, har ta samu ya ɗan tsaya. Ta lallaɓa ta saka a mai. Ya yi cuu, ya tarwatse, ya bazu a kasko kamar an watsa ƙasa, ya ƙone baƙi a gindi. Ta ɓata man kasko guda.

Kazar maƙwabta ta zo ta sa kai cikin ƙunshin tana ci kamar an yi don ita. An kuwa yi don ita.

Sai ga Goggo Abu a bakin zaure, da ciwon kan nata, ta ce, "Mati, da ka bar sigarin nan a ƙofa, da ka gani."

Inna ta goge hannu a zane ta ce wa masu lodi, "Ku sauko mani da buhunana. Guda uku ne, masu shuɗin zare."

Alhaji Mati ya ce ai akwai wani shirin da ya fi wannan yana nan tafe. Har yau muna jira. Motar ta tafi wofi, buhu tara suka koma ɗaki, na kwana ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓe.

Litinin da sassafe Inna ta tashe ni. An dawo da niƙa, turmi na tsakar gida, ruwa na tafasa. Ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta dafa kafaɗarta, ta tura mani taɓarya da ƙafa.

"Ke kika kori inji," ta ce. "To bismilla."

Yau saura buhu bakwai da rabi. Don haka duk mai son ganin tsarabar Maraɗi ta zo da safe, in buɗe mata tafin hannuna ta ga kantar da taɓarya ta yi mani. Ta kuma taho da nata hannun, akwai taɓarya ta biyu.